Daga Mile 12 zuwa ɗakin maganaɗisu: yadda ake awon tsoka a Legas

Zafin Legas daban yake da na Kano, kuma duk mai son nazarin tsoka a garin nan daga zafin zai fara lissafi. Jirgi kan yi kamar awa ɗaya da rabi daga Kano zuwa Ikeja, kuma kafin in kai wurin motoci a filin jirgin Murtala Muhammed taguwata ta jiƙe sharkaf. A Kano ma'auni kan haura digiri 40 a watan Afrilu, amma iskar busasshiya ce, gumi na fita yana bushewa, jiki yana hucewa. A Legas ba kasafai yake wuce 33 ko 34 ba, sai dai iskar ta ƙoshi da laima, gumi ya yi ta tsiyaya ba tare da ya sanyaya fata ba. Ita kuwa tsoka, cikin ƙarfin da take samu daga abinci kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai ke zama motsi. Sauran duk zafi ne, kuma dole jiki ya fitar da shi. Shi ya sa aikin da ɗan dako zai yi a Dawanau ya tashi garau, idan ya yi irinsa a kasuwar Mile 12 ta Legas sai ya fi galabaita, bugun zuciyarsa ya fi hawa, ruwan jikinsa ya fi saurin raguwa.

Abin da ya kawo ni shi ne ganin aikin wasu abokan sana'a masu nazarin yadda jiki ke mayar da abinci ƙarfi. Tsokar masu aikin ƙarfi a kasuwa suke aunawa, kuma galibin waɗanda ake aunawar 'yan Arewa ne. Na sauka a Agege, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango tun zamanin fataucin goro ta jirgin ƙasa, bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. Ga mai zirga-zirga tsakanin asibitoci Agege ta yi daidai yanzu, domin jirgin Red Line da ya fara aiki a 2024 yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Acaɓa kuwa an hana ta a ƙananan hukumomi da dama tun 2022, har da Ikeja, Surulere da Mushin, don haka mai ɗauke da kayan da ba sa jira kada ya sa ta a lissafinsa.

Mile 12 sai da asuba. Kafin gari ya waye tireloli sun jeru da tumatir, tattasai, attaruhu da albasa daga Arewa, 'yan dako suna ta sauke kwanduna. Ba a taɓa kowa sai an gaida shugabannin kasuwa da na 'yan dako, an zauna an yi bayani da Hausa, an karanta takardar amincewa da baki ga wanda bai yi boko ba. Wani dattijo da ke kula da wani rukunin matasa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Likita, ba mu ƙi ba. Amma jinin yaran nan ina za a kai shi, kuma wa zai gaya mana abin da aka gani?" Tambayarsa tana da tushe. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara, aka yi shekaru ana shari'a a kan batun amincewar iyaye. Matar da ke jagorantar aikin ta amsa masa dalla-dalla: "Baba, mililita 10 za mu ɗiba, cokalin shayi biyu ke nan, cikin kusan lita 5 da ke jikin babban mutum. Lamba za mu rubuta a jikin kwalba, ba suna ba. Kowa za a ba shi sakamakonsa a hannu, wanda kuma ya ce ya fasa, to ya fasa, ba mai tambayarsa dalili." Sai da aka nuna masa takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike, aka kuma daddale kuɗin da zai maye wa yaro dakon da ya rasa a wannan safiya, sannan dattijon ya ce bismillah. A wurina wannan kuɗi haƙƙi ne, domin mutumin da ke ci daga abin da ya ɗauka a yini, awa biyu da ya zauna maka abincin iyalinsa ne ya rage.

Idan ɗan dako ya sunkuya ya cira kwando zuwa kansa, tsokarsa tana kashe wani sinadari mai ba ta ƙarfi da ake kira ATP, kuma abin da take da shi a ajiye kaɗan ne, kimanin milimol 5 a kowane kilo na tsoka, wanda ba zai kai daƙiƙa uku na cikakken ƙarfi ba. Abin da ke ceto ta nan take shi ne fosfokiriyatin, wani sinadarin ajiya mai sabunta ATP, wanda ya ninka ATP sau uku zuwa huɗu, kuma su biyun a haɗe suna kai mutum kamar daƙiƙa goma. Daga nan sai a faɗa kan gilaikojin, wato sukarin da jiki ya adana, kimanin giram 400 a tsokoki da giram 100 a hanta. Idan buƙata ta yi gaggawa ana farfasa shi ba tare da jiran iskar oksijin ba, riba kaɗan amma da sauri, ATP biyu ko uku daga kowane ƙwayar sukari, kuma wani sinadari mai suna laktet ya taru. Da mutum ya daidaita kaya ya kama tafiya, sai mitokondiriya, ƙananan murahun da ke cikin ƙwayoyin tsoka, su karɓi aikin, su ƙona sukari da kitse da oksijin, su fitar da kusan ATP 30 daga ƙwayar sukari guda. Laktet ɗin ba shara ba ne. Zuciya tana ƙona shi, hanta tana mayar da shi sukari, hanyar da masana Carl da Gerty Cori, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 1947, suka bayyana. Cikin kamar awa ɗaya ya koma yadda yake, saboda haka ciwon jikin da ke tasowa bayan kwana ɗaya ko biyu ba nasa ba ne. Wannan ciwo daga ƙananan yagewar zaren tsoka yake, kuma ya fi zuwa lokacin da tsoka ke miƙewa tana riƙe da nauyi, wato wajen sauke kaya da saukowa daga kan tirela.

Awon laktet a kasuwa da ɗan digon jini ake yi, amma ko nan akwai tarko. A hutu yana tsakanin milimol 1 zuwa 2 a lita, a tsananin aiki ya haura 10. Gumi kansa yana ɗauke da laktet mai yawa, don haka idan ba a goge fata ta bushe ba, aka kuma yi amfani da digon farko, na'ura za ta ba da lambar da ta fi gaskiya girma. Ana goge digon farko a zubar, a ɗauki na biyu, kuma ba a matse yatsa, domin matsi yana gauraya jini da ruwan nama. Yatsun 'yan dako sun yi kanta, allurar tsira ba ta shiga sosai, sai na ga an koma fatar kunne. Tsinken gwajin ma laima tana lalata shi: a ciro guda, a rufe gwangwanin nan take, kuma kada a bar shi cikin mota a rana. Ana auna nauyin mutum kafin aiki da bayansa a sikeli ɗaya, da kaya iri ɗaya, kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi. Wanda ya rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ƙarfinsa ya fara ja baya, ko bai ji ba.

Ƙarfin damƙa ana auna shi a zaune, gwiwar hannu a lanƙwashe digiri 90, sau uku a kowane hannu, a ɗauki mafi girma. Iyakar da ƙwararrun Turai suka sa don gane raunin tsoka a tsofaffi ita ce ƙasa da kilo 27 ga maza, 16 ga mata. Lambobin nan daga Turawa aka samo su. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana dako zai iya rasa rabin ƙarfinsa kuma har yanzu ya haye wannan iyaka, a ce masa lafiyarsa lau. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake ganin aikin nan ya cancanci wahalarsa.

A wata rumfa da aka kange da labule ake yin sikanin tsoka da ƙaramar na'urar hoton sauti ta hannu, mai kai miƙaƙƙe da ke aiki tsakanin megahaz 7 zuwa 12. Mutum ya kwanta rigingine ya saki ƙafa, a auna da tef daga tsinin ƙashin ƙugu na gaba zuwa saman ƙoƙon gwiwa, a sa alama a tsakiya, nan ake duba kaurin tsokar cinya. Na tsaya na kalli allon yayin da mai aikin ke nuna wa wani ɗalibi illar dannawa: da ya ɗan danna kan na'urar, sai tsokar ta baje, kaurinta ya ragu a idonmu. Ya ce masa, "Ka zuba man da yawa, ka bar kan ya yi iyo a kansa, kada fata ta lotsa." Karkatar da kan ma yana canza hasken hoton, tsoka mai lafiya ta yi fari kamar mai kitse. Mutum ɗaya ne ya kamata ya yi duk awon, ko kuma a gwada masu awon biyu a kan mutane iri ɗaya a ga yadda lambobinsu suka yi kusa.

Babban abin da ke ɓata irin wannan bincike a Legas hanya ce. Daga Mile 12 zuwa Idi-Araba, inda asibitin koyarwa yake, ba ta kai kilomita 20 ba, ta Ketu, Ojota da Maryland a kan titin Ikorodu, amma gosulo zai iya mayar da ita tafiyar awa biyu, jini kuwa ba ya daina aiki don an sa shi a kwalba. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da mitokondiriya, don haka suna ci gaba da cin sukari suna fitar da laktet, sukarin yana raguwa da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a kowace awa. Shi ya sa jinin laktet da sukari ke shiga kwalba mai murfi ruwan toka, mai sinadarin fuloraid, a sa ta cikin ƙanƙara. Fuloraid ɗin yana tare hanyar farfasa sukari ne can kusa da ƙarshenta, saboda haka laktet ya tsaya da wuri, amma sukari kan ci gaba da ɗan raguwa awa ɗaya ko biyu na farko. Kwalbar da za a auna fotasiyam a cikinta kuwa ba a sa ta a ƙanƙara, domin sanyi yana sa fotasiyam ya tsiyayo daga cikin ƙwayoyin, a ga lamba mai tsoratarwa ga mutum lafiyayye. Ɗaure damtse fiye da minti ɗaya da ce wa mutum ya yi ta dunƙule hannu su ma suna hawar da laktet da fotasiyam. Jijjigar danfo tana fasa ƙwayoyin jini, ruwan da ya kamata ya fito rawaya ya fito jaja-jaja, a zubar da shi. Maganin duk wannan da na gani shi ne kawo injin juya jini cikin kasuwar, a haɗa shi da batir da inbata, a juya kwalabe minti 10, a zuƙe ruwan saman a rarraba shi cikin ƙananan kwalabe na rabin mililita kafin a shiga mota. Rarrabawar tana da amfani daga baya: kowane gwaji ya narkar da kwalbarsa, ba a yi ta narkar da guda ana sake daskarar da ita ba.

Gwajin da ya fi jan hankalina shi ne na CK, sinadarin da ke fita daga tsoka zuwa jini idan zarenta ya ji rauni. Takardun ɗakunan gwaji da yawa suna sa iyakarsa ga namiji a wajen yunit 170 zuwa 200 a lita. Bincike a Amurka da Holan ya nuna cewa baƙaƙen fata, musamman maza, nasu ya fi na Turawa nesa ko da lafiyarsu ƙalau, ga shi kuma aikin ƙarfi yana hawar da shi, ya kai ƙololuwa bayan kwana ɗaya zuwa uku. Allurar da aka yi wa mutum a tsoka jiya ma tana hawar da shi, kuma a nan mutane da yawa kan je kemis a yi musu allurar zazzaɓi ko ta ciwon jiki, don haka dole a tambaya. Idan likita bai san wannan ba, zai iya tsorata ɗan dako lafiyayye, ko ya dakatar da maganin rage kitsen jini ga wanda yake buƙatarsa. Haɗarin gaske kuma yana nan. Idan tsoka ta narke da yawa, CK ya haura dubbai, furotin ɗinta ya toshe ƙoda, fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Alamar da ake gane shi da ita a ƙaramin ɗakin gwaji: tsinken fitsari ya nuna jini, amma a madubin likita ba a ga jajayen ƙwayoyi ba. Zafi, ƙarancin ruwa da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen idan suka haɗu a kan wannan, ƙoda ce ke biyan bashin. Na ga yadda ake sayar da ƙwayoyin nan a faranti a bakin kasuwa, kuma abin ya dame ni. Duk wanda fitsarinsa ya yi duhu haka bayan aiki, asibiti zai nufa a ranar, ba kemis ba. Sinadarin kiriyatinin da ake auna ƙoda da shi shi ma daga tsoka yake fitowa, dafaffen nama yana ƙara shi na 'yan awoyi, shi ya sa ake roƙon a haƙura da tsire da balangu daren da za a ɗibi jini. Mai azumi kuwa a rubuta cewa yana azumi, kada a gauraya lambobinsa da na wanda ya karya kumallo.

Idi-Araba ita ce cibiyar karatun likita a wannan ɓangare na gari. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da kwalejin likitancinta suna nan tun 1962, ga unguwar Hausawa a jikin katanga, inda za ka ci tuwo da miyar kuka ka ji kamar kana Fagge. Daura da asibitin akwai cibiyar masu cutar sikila, a Yaba kuma akwai cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, asibitin ƙashi yana Igbobi, takwaran na Dala. Batun sikila ba ya rabuwa da nazarin tsoka a Najeriya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, kuma ko da yake yawancinsu ba sa jin komai, tsananin aiki cikin zafi da ƙishirwa yana ƙara musu haɗarin narkewar tsoka. Binciken da bai duba jinsin jinin mahalarta ba ya bar ƙofa a buɗe.

Ɗakin MRI, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, da na shiga yana wata cibiyar hoto mai zaman kanta. Tun daga ƙofa ake jin wani sauti yana ta maimaituwa ba tsayawa, na injin da ke sanyaya hiliyam. Na'urar mai maganaɗisu ce mai ƙarfin tesila 1.5, wayoyinta suna nutse cikin ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, kuma maganaɗisun ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta, ko dare ko rana. Abin da ke tsayawa idan wuta ta tafi shi ne injin sanyayawar da famfon ruwan da ke huce shi. Idan janareta bai karɓa ba aka daɗe a haka, hiliyam ya fara tafasa yana gudu, idan ya yi ƙasa sosai maganaɗisun ya faɗi gaba ɗaya, kuma sake cika shi kuɗi ne mai yawa, da kuɗin waje, da jiran makonni. Injiniyan wurin ya nuna min littafin da yake rubuta yawan hiliyam, matsinsa da zafin ruwa kowace safiya. Ɗakin ana riƙe shi a wajen digiri 20, laima tsakanin kashi 40 zuwa 60, abin da a Legas sai da na'urar tsotse laima. Bangon ɗakin lulluɓe yake da jan ƙarfe don tare igiyoyin rediyo na waje, domin na'urar tana sauraren jiki ne a wajen megahaz 64. Ƙofa idan ba ta rufu ruf ba, ko ƙwan fitila ya fara lalacewa, sai wani layi mai ɗigo-ɗigo ya ratsa hoton. Yawancin na'urorin da ba sa buƙatar hiliyam masu ƙaramin ƙarfi ne, tesila 0.2 zuwa 0.5, suna da amfani wajen duba baya da gwiwa, amma ba su isa irin wannan awo ba.

Tantance mutum kafin ya shiga sai wanda ya san mutanenmu. Takardar tambayoyin da aka kwafo daga waje tana tambayar batirin zuciya da ƙarfen tiyata, ba ta san laya da guru da kambu ba, alhali wasu akwai ƙarfe a ɗinke cikinsu. Na ji ma'aikaciyar wurin, wata 'yar Zariya, tana ce wa wani matashi cikin ladabi, "Malam, in akwai abin da ka ɗaura a ƙugu ko a damtse, ka cire da hannunka ka sa a akwatin nan, ga makullin ka riƙe a waje, ba mai taɓa maka." Ya yi ɗan jim, ya shiga bayan labule ya fito. Mata ana tambayarsu fil ɗin hijabi da na ɗankwali, da kwalli idan kai za a duba. Wanda ya taɓa walda ko aikin niƙa ƙarfe sai an tabbatar ba ɓarɓashi a idonsa, wanda harsashi ko ɓaraguzai suka taɓa shiga jikinsa sai likitan hoto ya yanke hukunci. Tukunyar oksijin ta ƙarfe da keken marasa lafiya na yau da kullum ba sa ƙetare layin ƙofa.

Don awon tsoka, mutum zai kwanta minti 15 zuwa 20 kafin a fara, domin ruwan da ya taru a ƙafafu saboda tsayuwa ya koma, in ba haka ba cinya da sha-raɓa su fito sun fi girmansu. Kada kuma ya yi aikin ƙarfi kwana biyu kafin nan, sharaɗi mai wuya ga ɗan dako, wanda ke nufin sai an biya shi kwanakin. Tsokar da ta yi aiki tana tara ruwa, ta yi haske a hoton T2, nau'in hoton MRI da ruwa ke haske a cikinsa, kuma da gangan ana amfani da wannan don gane tsokar da ta fi ɗaukar nauyin wani aiki. Kitsen da ke cikin tsoka ana raba shi da ruwa ta dabarar Dixon ta 1984: a tesila 1.5 muryar ruwa da ta kitse sun bambanta da kusan haz 220, don haka ana ɗaukar hoto a wajen milisakan 2.3 lokacin da suka saɓa, da 4.6 lokacin da suka haɗu, kwamfuta ta fitar da kason kitse a kowace tsoka. Wani lokaci takan juya su, ta kira ruwa kitse a wani sashe na ƙafa, musamman can gefe inda maganaɗisu bai daidaita ba, shi ya sa ake duba kowane hoto da ido kafin a karɓi lamba. Mafi daɗin awon shi ne na fosfaras, sinadarin da ke cikin fosfokiriyatin, inda mutum ke taka feda a cikin na'urar ana kallon fosfokiriyatin yana sauka, ya tsaya a ga yana dawowa. A lafiyayye rabinsa kan dawo cikin kusan rabin minti, kuma saurin dawowar ma'auni ne na ƙarfin mitokondiriya, ba tare da an yanka kowa ba. Sai dai fosfaras a wajen megahaz 26 yake magana a tesila 1.5, yana buƙatar nasa faifan karɓa da nasa kayan aiki, waɗanda ba sa zuwa da na'urar asibiti sai an saya daban. Mai shirin irin wannan aiki ya tambaya a rubuce kafin ya sayi tikiti.

Akwai hanya mai arha da nake ganin an yi sakaci da ita. Duk hoton CT na ciki da aka riga aka ɗauka don wata cuta yana ɗauke da bayanin tsoka. A yanka ɗaya daidai ƙashin baya na uku na ƙugu, a zaɓi duk abin da ke tsakanin lamba 29 ƙasa da sifili zuwa 150 a ma'aunin Hounsfield na hasken hoton CT, faɗin da aka samu yana nuna yawan tsokar jiki duka. Ba sabon haske da za a ƙara wa kowa, izinin kwamiti kawai ake buƙata da goge sunaye. Matsalar ita ce wurare da yawa suna ba majiyyaci fim ko faifai su goge nasu don wurin ajiya ya cika, hoton da aka ɗauka da waya daga jikin fim kuwa ba ya awo.

Ɗibar tsoka kanta a asibiti kawai ake yi, ga 'yan kaɗan da suka sake amincewa. A gefen cinya ake kashe wurin da allura, a tsaga fata ƙasa da santimita ɗaya, a shigar da allurar Bergström mai kaurin milimita 5, wadda ake amfani da ita tun 1962, a fito da kamar miligiram 100. Daga nan gudu ake yi. Kason da za a auna sinadarai a cikinsa ana jefa shi cikin ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili cikin daƙiƙoƙi, domin fosfokiriyatin yana canzawa tun tsokar tana cikin allura. Kason da za a duba a madubi ba a jefa shi kai tsaye, saboda naitirojin yana tafasa ya yi wa naman rigar iska, sanyi ya shiga a hankali, ƙanƙara ta yi manyan ƙwayoyi, yankan ya fito da huji-huji kamar rariya. Ana sanyaya ruwan aisofenten a cikin naitirojin har ya fara yin fari a gindin kofi, sannan a tsoma naman daƙiƙa 15 zuwa 20. Fomalin, ruwan da aka saba adana nama a ciki, kuwa yana kashe sinadaran da ake bambance jan zare mai juriya da farin zare mai sauri da su, don haka ba ya kusantar wannan kaso.

Komai yana ƙarewa ne a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, wadda ke kan layin janareta, da ƙararrawa mai kiran wayar mutum biyu idan sanyi ya ragu, da wata firizar a wani gini da aka raba kwalaben da ita. Kason da za a auna a Kano an shirya shi ranar da zan koma, amma ta hannun kamfanin jigilar kayan gwaji ya tafi, ba cikin jakata ba. Kwalba a cikin leda mai rufi da auduga mai tsotse ruwa, leda a cikin gwangwani, gwangwani a cikin akwatin soso cike da busasshiyar ƙanƙara mai digiri 78 ƙasa da sifili. Wannan ƙanƙara ba ta narkewa ta zama ruwa, iska take zama, kilo biyu zuwa huɗu a yini gwargwadon kyan akwatin, don haka ba a liƙe murfin ruf don kada ya fashe, kuma ana zuba ta kwana uku ko da tafiyar ta yini ɗaya ce, saboda jirgi kan yi jinkiri. A cikin akwatin an sa ɗan ma'aunin da ke rubuta sanyi duk bayan minti biyar, wanda mai karɓa a Kano zai fara karantawa kafin ya sa hannu. An aika ranar Litinin, don kada akwatin ya kwana a sito ranar Asabar da Lahadi.